2.4 Biyan Kuɗin Maganin da Aka Yi Amfani da Shi Wajen Rajistarsa: Misalin Italiya

A wannan sashe za a duba yadda gwamnatin Italiya ta fuskanci matsalar biyan kuɗin maganin da likita ya bayar don wata cuta dabam da wadda aka yi masa rajista dominta.

Tun a shekarar 1996, Doka mai lamba 648 ta amince hukumar lafiya ta ƙasa ta biya irin wannan magani, amma bisa sharaɗin cewa babu wani mai rajista da zai maye gurbinsa. Wannan sharaɗi shi ne ya haddasa rikicin Avastin.

Avastin maganin ciwon daji ne na kamfanin Roche. Daga 2005 likitocin ido suka gano cewa allurarsa cikin ido tana tsayar da ciwon nan da ke cinye tsakiyar ganin tsofaffi. A 2007 Italiya ta sanya shi cikin jerin waɗanda take biya. Sai dai a shekarar ce Lucentis, wanda Novartis ke sayarwa, ya sami rajistar wannan ciwo a Turai. A 2014, kuɗin allurar Lucentis ɗaya ya kai kusan Yuro 900, ta Avastin kuwa kusan Yuro 80, domin ana rarraba kwalba ɗaya ga marasa lafiya da yawa. Duk da haka, a 2012 hukumar magunguna ta ƙasar ta cire Avastin daga jerin.

Abin lura shi ne, Roche bai taɓa neman yi wa Avastin rajistar ciwon ido ba, kuma dalilin bai ɓoyu ba: reshensa na Genentech ne ya ƙirƙiro magungunan biyu, yana kuma samun kaso daga cinikin Lucentis. A 2014 hukumar hana haɗin baki a kasuwa ta ci kamfanonin biyu tarar sama da Yuro miliyan 180, saboda haɗa kai wajen zuzuta haɗarin Avastin. A wannan shekara aka gyara dokar, ta yadda arahar magani ta zama hujjar biya ko da akwai mai rajista, aka kuma mayar da Avastin cikin jerin.

Novartis ya kai ƙara, amma a 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa biyan bai saɓa wa dokokin Tarayyar ba.