Mai Shan Hukunci Daban, Mai Iko Daban: Tsaron 'Yan Kallo a Wasannin Kano Pillars (2019–2025) da Abin da Filayen Rijiyar Zaki ke Nunawa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi hukunce-hukuncen da hukumar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta yanke wa Kano Pillars bayan tarzomar magoya baya a 2019 da 2022 da 2025, domin tantance wanda ake ɗora wa alhakin tsaron 'yan kallo da wanda ikon samar da tsaron yake hannunsa. An ɗora nazarin a kan ra'in Reicher da Stott game da halayyar taro, an waiwayi masifun Accra da Malang, sannan an kwatanta da yadda ake gudanar da wasannin unguwa a yankin Rijiyar Zaki ta ƙaramar hukumar Ungogo. Maƙalar tana ganin cewa ƙungiya kaɗai ke shan hukunci, alhali 'yan sanda da mai filin wasa da wanda ya yi jifan duk suna wajen lissafi.

1. Gabatarwa

An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. A gasar da wasu ƙungiyoyi ke buga wasa a gaban kujerun da babu kowa, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata cika yake yi. Masu cika shi kuwa ba 'yan cikin ganuwa kaɗai ba ne. Ranar wasa, matashi daga Rijiyar Zaki zai tari A Daidaita Sahu a titin Gwarzo, ya bi ta Kabuga ya shiga gari, ya tarar da irinsa daga Bachirawa da Kurna da Panisau sun riga shi layin tikiti.

Wannan taro shi ne arzikin ƙungiyar, shi ne kuma abin da ya sha jawo mata tara da asarar maki. Tambayar maƙalar ita ce: daga lokacin da wannan matashi ya kama layi har ya fito lafiya, yana hannun wa?

2. Ra'i da Hanyar Nazari

Tun daga littafin Gustave Le Bon na 1895 ake kallon taro a matsayin abin da ke raba mutum da hankalinsa. Irin wannan fahimta a Kano ita ce cewa "'yan daba ne suka shigo". Nazarce-nazarcen Abdulkarim Ɗan Asabe (1991) da Y. Z. Ya'u (2000) sun nuna cewa daba tana da tushe a rashin aikin yi da hamayyar unguwanni da siyasa, kuma babu mai musun cewa wasu 'yan daba suna zuwa kallo. Sai dai wannan bayani yana da wata fa'ida ga hukuma da ya kamata a yi hattara da ita: da zarar an ce 'yan daba ne, an rufe maganar ƙofa nawa aka buɗe, jami'i nawa aka girke, kuma ina suka tsaya.

Stephen Reicher da Clifford Stott sun kawo wata mahanga. A wurinsu taro ba abu guda ba ne. Akwai 'yan tsiraru masu neman fitina da ɗimbin masu son kallo kawai. Idan jami'an tsaro suka yi wa kowa kuɗin goro, sai masu son kallon su ga cewa su da masu fitinar jirgi ɗaya ya kwaso su. An gwada wannan ra'i a gasar Turai ta 2004 a Fotugal, inda 'yan sandan manyan birane suka shiga cikin magoya baya da kayan aiki na yau da kullum, suka ajiye 'yan kwantar da tarzoma a inda ba a ganinsu, aka kuma gama gasar ba tare da wata babbar tarzoma a biranen wasa ba.

Maƙalar ta dogara ne da sanarwar hukunci da hukumar gasa ta fitar a bainar jama'a, da rahotannin kafafen yaɗa labarai, da abin da kowa ke iya gani a filayen unguwa.

3. Rikice-rikicen

A watan Yunin 2019, a wasannin ƙungiyoyi shida na fitar da zakara da aka yi a filin Agege na Legas, Pillars na gaba da Rangers ta Inugu har aka kusa tashi, sai Rangers ta farke. Magoya baya suka kutsa fili suka yi kan alƙalin wasa. Hukumar gasa ta lokacin, LMC, ta ci Pillars tarar naira miliyan 8, ta dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12.

Rikicin 16 ga Afrilun 2022 ya fi nauyi. Pillars ta daɗe tana karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna, tun bayan da aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu korona a 2020. Wasan farko da ta dawo gida ya faɗo a kan Katsina United, maƙwabciya kuma babbar abokiyar hamayya, a cikin watan azumi, a lokacin da Pillars ke can ƙasan teburi. Duk wanda ya san ƙwallon Arewa ya san wannan rana ce mai buƙatar shiri na musamman. Wasan bai kai ƙarshe ba. Ana babu ci aka tsayar da shi, aka farfasa motar Katsina United. Hukunci: tarar naira miliyan 9, cire maki 3, da korar ƙungiyar zuwa Abuja. A watan Yunin wannan shekarar kuma, a wasa da Dakkada, ba ɗan daba ba ne ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, shugaban ƙungiyar ne na lokacin, a gaban kyamara. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa rukuni na biyu.

Ranar 12 ga Oktoban 2025 abin ya maimaita kansa. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarin lokaci, aka tashi ɗaya da ɗaya, jama'a suka tsallako fili suka far wa alƙalai da 'yan wasan baƙi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Hukumar gasa, NPFL, ta yanke tarar naira miliyan 9.5, ta cire maki 3 da ƙwallo 3, ta rufe filin, ta tura Pillars Katsina. Ba a yi wata guda ba ita ma Katsina United ta gamu da nata hukuncin bayan wasanta da Barau FC ta Kano.

Abubuwa biyu suka fito daga jera waɗannan. Na farko, babu ko ɗaya daga cikin wasanni ukun da aka doke Pillars. Duk canjaras ne, kuma fitinar ta tashi ne a mintocin ƙarshe ko daidai busa tashi. Ƙungiyar da ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015, ta tarbiyyantar da magoya bayanta a kan cewa maki ukun gida haƙƙi ne. Ga wanda ya taso a haka, kunnen doki a Ƙofar Mata fashi ne, kuma da hannun alƙali a ciki. Ma'anar wannan ga mai tsara tsaro a fili take: an san lokacin haɗari, an san inda za a nufa.

Na biyu, ba magoya bayan ɓangarori biyu ne ke gwabzawa a kan kujeru ba, kamar yadda aka sani a Ingila a shekarun 1970 da 1980. Tsadar tafiya da halin hanya sun sa baƙi ba sa zuwa da yawa, in ban da wasannin maƙwabta irin na Kano da Katsina. Waɗanda ake nufa su ne alƙali da 'yan wasan baƙi da motarsu. Raba magoya baya gefe da gefe yana da amfani, amma ba shi ne zai kare mai ɗaga tuta da ke tsaye ya ba wa jama'a baya ba.

4. Wa ke da Iko, Wa ke Biya?

Dokar gasa ta ɗora wa ƙungiyar gida alhakin tsaro da alhakin duk abin da magoya bayanta suka aikata, ko da saninta ko babu. Haka ƙa'idar take a FIFA da CAF. Ita ce ta sa FIFA ta ci Nijeriya tara bayan kutsen da aka yi a filin Moshood Abiola na Abuja ranar 29 ga Maris 2022, da Ghana ta hana ta zuwa gasar duniya. Ƙa'idar ba ta da laifi a inda ƙungiya ke riƙe da filinta da ma'aikatanta. A Kano ba haka abin yake ba.

Filin na gwamnatin jiha ne. Ƙungiyar ma ta gwamnatin jiha ce, gwamna ke naɗa shugabanninta, baitulmali ke ciyar da ita. 'Yan sanda kuwa, bisa sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, na tarayya ne. Shugaban Pillars ba shi da ikon ce wa kofur koma can ka tsaya, hukumar gasa ba ta da ikon tuhumar baturen 'yan sanda. Ga jami'an Sibil Difens, ga 'yan KAROTA a bakin titi, ga ma'aikatan ƙofa, ga dakarun ƙungiyar magoya baya, kowa da wanda yake amsa wa. Idan abu ya lalace, takardar hukunci suna ɗaya take ɗauka.

Sannan ita tarar, daga ina take fitowa? Daga asusun da ke biyan malamin firamare a Ungogo. Wanda ya yi jifan bai yi asarar ko kwabo ba. Rufe fili kuwa ya fi shafar mai sayar da rake da fiya-wata da gurasa a bakin ƙofa, da mai A Daidaita Sahu, da dubban da suka zauna a kujerunsu ba su motsa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Hukuncin yakan umarci ƙungiya ta nemo masu laifi a gurfanar da su, amma kamawa da gurfanarwa aikin 'yan sanda ne, su kuma umarnin bai hau kansu ba. Cire maki ne kaɗai ke yi wa magoya baya zafi, shi ma kuɗin goro ne.

Ingila ta bi wata hanya bayan masifar Hillsborough ta 15 ga Afrilun 1989, wadda ta ci rayuka 97. Shekaru aka yi ana ɗora wa magoya bayan Liverpool laifi, sai a 2016 binciken kotu ya wanke su, ya nuna gazawar 'yan sanda. Rahoton Taylor na 1990 ya ƙarfafa tsarin da ƙaramar hukuma ke bai wa fili takardar shaidar aminci mai ƙayyade yawan jama'a, ƙungiya kuma ta naɗa jami'in tsaro guda da ma'aikata masu horo. Mai tarzoma kuwa kotu ke hana shi shiga fili da sunansa.

5. Barkonon Tsohuwa da Ƙofa

Rashin shiri tun da wuri ke sa jami'i ya rasa abin yi sai harba hayaƙi. Ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a Accra, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo masu jifa da kujeru. Jama'a suka ruga ƙofofin da ke rufe, mutum 126 suka mutu, da yawansu matasan Nima ne, zangon da Hausa ke yawo a bakin kowa. An gurfanar da jami'ai shida, kotu ta sallame su. A Malang ta Indonesiya, ranar 1 ga Oktoban 2022, an hana magoya bayan baƙi zuwa gaba ɗaya, duk da haka hayaƙi da ƙuntatattun ƙofofi suka kashe mutum 135. Sashe na 19 na ƙa'idar tsaron filaye ta FIFA ya hana jami'an bakin fili ɗaukar bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro. A filayen Nijeriya ana ganin su da duka biyun.

6. Filin Unguwa

Rijiyar Zaki tana daidai inda gari ke cinye gona. Wasa a nan a filin makaranta ake yinsa, ko a fegin da ba a gina ba, ko a gonar da aka girbe. Igiya ce iyakar fili, wani lokaci ma ƙafafun 'yan kallo ne, har sai an tura su baya kafin a buga kwana. Babu katanga, don haka babu turmutsutsu. Babu kuma ɗakin da alƙali zai fake. In wasa ya yi zafi za ka ga babur a kunne kusa da kwanar fili, hancinsa na kallon hanya.

Kafin a fara gasar cin kofi, masu shiryawa kan je gaban mai unguwa, su sanar da ofishin 'yan sanda, su nemi 'yan sintiri, su ajiye wa dattawa benci. Idan yaro ya yi jifa, ba a cewa "wasu ɓata-gari". Ana cewa ɗan gidan wane ne. Da daddare kocinsa da mahaifinsa za su amsa kira, ƙungiyar layinsu kuma tana iya rasa gurbinta a gasa ta gaba. Wanda ya ba da izini, da wanda zai hana, da wanda za a tambaya, duk suna zaune a benci ɗaya.

Bai kamata a ƙawata wannan tsari fiye da kima ba. Sanayyar da ke tona mai laifi ita ce kuma ke rufa masa asiri. Rauni mai tsanani kan ƙare a "a yi haƙuri, a bar wa Allah", gabar da aka binne ta sake tasowa a wasan ramuwa. Gasar da ɗan siyasa ya sa wa kofi kuwa takan zo da yaransa, waɗanda mai unguwa ba ya iya tsawata musu.

Duk da haka akwai abin ɗauka. Matashin da ba zai ɗaga dutse a gaban mai unguwarsu ba shi ne ke zama ba kowa ba a Ƙofar Mata. Idan aka bi da wani kaso na tikiti ta hannun rassan ƙungiyar magoya baya na unguwanni, kowane reshe da wurin zamansa da dakarunsa masu riga da lamba, an mayar masa da suna. Idan kuma aka girke ma'aikatan ƙungiya tsakanin 'yan kallo da hanyar alƙalai tun daga minti na 75, suna fuskantar jama'a ba ƙwallo ba, an tare lokacin da aka san fitina na tashi.

Waɗannan biyun ƙungiya na iya yinsu gobe. Na ukun ya fi ƙarfinta, ya fi ƙarfin NPFL: yarjejeniya a rubuce kafin kowane wasa, wadda hukumar wasanni ta jiha da rundunar 'yan sanda da ƙungiya za su sa wa hannu, ta faɗi yawan tikiti, da ƙofofin da za a bari a buɗe, da sunan jami'i guda da shi kaɗai zai iya ba da umarnin harba hayaƙi. Hukumar gasa ba za ta iya tilasta wa 'yan sanda sa hannu ba. Majalisar Dokokin Jihar Kano ce ke iya mayar da takardar sharaɗin buɗe filin, tunda filin na jiha ne.