Lanƙwasar Mazakuta: Daga Zabirar Wanzami zuwa Ɗakin Tiyata

A ƙauyukan Shanono, kamar sauran karkarar Kano, lalurar da ta shafi gaban namiji ta daɗe a hannun mutum uku: wanzami, mai maganin gargajiya da malami. Wanzami, wanda ke gadon sana'arsa a ƙarƙashin Sarkin Aska, shi ke yin kaciya da ƙaho da tsaga, don haka magidanci bai cika jin nauyin kai masa kuka ba. Mai magani yakan ba da jiƙon saiwa da sassaƙe, malami kuma ya ba da rubutun sha. Idan mazakuta ta lanƙwashe tana zafi yayin miƙewa, akan ɗora laifin a kan sanyi ko sammu, sauran bayani kuma kunya ta haɗiye shi.

A shekarar 1743 ne François de la Peyronie, likitan tiyata na Sarki Louis na 15 na Faransa, ya yi wa ciwon cikakken bayani, shi ya sa likitoci ke kiransa cutar Peyronie. Asalinsa tabo ne mai tauri da ke fitowa a jikin tantanin da ya lulluɓe sassan da jini ke cikawa. Tabon ba ya buɗewa kamar sauran nama, sai gaba ya karkata wajensa. Yawanci ƙananan raunuka lokacin saduwa ke jawo shi, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40 da masu ciwon sukari.

Magani ya bi matakai. Peyronie kansa ya yaba wa ruwan ma'adinai na Barèges. A 1948 aka shigo da bitamin E, wanda gwaje-gwajen baya suka nuna amfaninsa bai taka kara ya karya ba. A 1965 likita Reed Nesbit na Amurka ya fito da tiyatar rage ɓangaren da ya fi tsawo domin gaba ya daidaita. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Xiaflex mai narkar da tabon.

A Kano, mai wannan lalura kan dangana da likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko Cibiyar Abubakar Imam. A matakin farko maganin raɗaɗi ake bayarwa, domin zafin kan lafa da kansa cikin wata 12 zuwa 18. Ba a yin tiyata sai lanƙwasar ta tsaya cak na tsawon watanni kuma tana hana saduwa. Ko a rage dogon ɓangaren, ko a tsaga tabon a yi masa faci. Wanda ƙarfinsa ya tafi gaba ɗaya kuwa akan dasa masa na'ura a cikin mazakutar.