Kuromatogirafi

Kuromatogirafi wata hanya ce da masana ilimin sinadarai ke bi wajen rarrabe abubuwan da suka cakuɗu, domin a gane kowanne a kuma auna yawansa. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci biyu, chroma (launi) da graphein (rubutawa).

Tarihi

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ne ya ƙirƙiro hanyar. Ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye a ciki, sai launukan ganyen suka rabu hawa-hawa, kore daban rawaya daban. Ya fara amfani da sunan a rubuce a shekarar 1906. Wani abin sha'awa shi ne, kalmar tsvet kanta tana nufin launi a harshen Rashanci. Daga baya Archer Martin da Richard Synge na Birtaniya suka inganta hanyar, aka ba su kyautar Nobel a shekarar 1952.

Yadda take aiki

Akwai ɓangare mai tafiya, wato ruwa ko iskar gas, da ɓangaren da ke tsaye a cikin bututu. Sinadarin da ya fi manne wa ɓangaren tsaye yakan makara, wanda bai manne sosai ba kuma ya riga fita. Lokacin fitar kowanne ne ke taimakawa a gane shi.

Binciken magunguna

A nan ne amfaninta ya fi fitowa fili, domin magani ba ya zama yadda aka sha shi. Hanta tana sarrafa shi zuwa wasu sinadarai. Farasitamol misali ne mai kyau. Hanta na haɗa mafi yawansa da gulukuronid ko salfet, ya fita ta fitsari. Kaɗan daga ciki yana komawa NAPQI, sinadari mai guba da gulutatayon na jiki ke kashe wa kaifi. Idan mutum ya sha fiye da ƙima, gulutatayon ya ƙare, sai gubar ta shiga lalata hanta, sau da yawa kafin alamu masu tsanani su bayyana. Da na'urar HPLC ana iya raba farasitamol da abubuwan da ya rikiɗa zuwa gare su a jini ko fitsari. Hukumomin kula da magunguna ma da ita suke gano jabu, wato ƙwayar da sinadarinta bai kai abin da aka rubuta a kwali ba.