Heartbleed: gyaran da mutum ɗaya ya duba

Tarihin wannan makon na wata manhaja ne mai suna OpenSSL.

Kun san ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshin shafin intanet, mai nuna cewa an kulle bayananka? A 2014, shafuka masu ɗimbin yawa da OpenSSL suke yin wannan kullewar. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya kawo gyara. An fara ta a 1998. Manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati duk sun jingina da ita, kowa na zaton akwai runduna guda da ke gadinta.

Ashe ba haka ba ne. Mutum ɗaya tak, Stephen Henson a Birtaniya, ya riƙe ta a matsayin cikakken aikinsa, sauran 'yan tsirarun sai sun sami sarari. Steve Marquess, mai nemo mata kuɗi, ya ce gudummawar da ke shigowa ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba.

A ƙarshen 2011 wani ɗalibin digiri na uku a Jamus ya aiko da wani ƙari da ake kira "bugun zuciya". Kwamfuta za ta aika wa uwar garke 'yar kalma, ta faɗi tsawonta, ta ce a maido mata, don ta tabbatar layin na nan da rai. Ɗalibin ya manta bai sa a tantance tsawon ba. Sai ka aika harafi uku ka ce dubu sittin ne, uwar garken ta cike maka gibin da duk abin da ke ƙwaƙwalwarta, har da kalmomin sirrin mutane. Henson ya duba, bai gani ba, ya shigar da shi ranar 31 ga Disamba. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya taɓa tace littafi shi kaɗai cikin dare ya san yadda ido ke tsallake kuskuren da ke gabansa ƙuru-ƙuru.

Shekara biyu ramin na buɗe. Neel Mehta na Google da kamfanin Codenomicon na Finland suka gano shi, aka sanar ranar 7 ga Afrilu 2014. An ƙiyasta shafuka kusan rabin miliyan na cikin haɗari. A Kanada an sace lambobin shaidar mutum 900 daga hukumar haraji.

Sai a lokacin kamfanoni irin su Google, Facebook da Microsoft suka yi karo-karo ta hannun Gidauniyar Linux, aka ɗauki ƙarin ma'aikata.

Shekara goma bayan nan aka kusa maimaitawa da xz, manhajar matse fayil da Lasse Collin ya daɗe yana riƙewa shi kaɗai har ya gaji. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi aiki, har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar baya. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bankaɗo ta a Maris 2024, bayan ya lura shiga kwamfutarsa na jinkirin rabin daƙiƙa.