Tarihin CAPTCHA: Tsaron Ƙofar Rajista da Sirrin Baƙo

CAPTCHA gwaji ne da shafukan intanet ke gindayawa a bakin rajista don rarrabe ɗan Adam da manhajar da ke buɗe asusun bogi. A 1997 injiniyoyin AltaVista, ƙarƙashin Andrei Broder, suka gaji da manhajojin da ke cusa musu adiresoshin banza, sai suka fara nuna wa baƙo murɗaɗɗun haruffa, waɗanda ido ke ganewa amma kwamfuta ke kasa karantawa. A 2000 kamfanin Yahoo, wanda masu tarkacen talla suka addabe shi, ya nemi taimakon Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka. A can ne Luis von Ahn, ɗan ƙasar Guatemala, da malaminsa Manuel Blum da abokan aikinsu suka inganta dabarar, suka raɗa mata suna.

Wannan gwajin na farko bai damu da ko wane ne mutum ba. Ya karanta, ya rubuta, ya wuce. Illarsa ita ce makafi da masu raunin gani sun sha wuya, har sai da aka ƙara musu gwajin murya. A 2007 von Ahn ya fito da reCAPTCHA, mai nuna kalmomi biyu: ɗaya sananniya ga na'ura, ɗayar kuwa an ciro ta daga tsohon littafi ko jarida da na'ura ta kasa karantawa. Da haka jama'a suka taya mayar da tsofaffin bugun New York Times cikin kwamfuta. Google ya sayi reCAPTCHA a 2009.

Da na'urori suka ƙware a karatu, sai tsaro ya sauya salo. A 2014 Google ya kawo ɗan akwatin da mutum ke latsawa ya shaida cewa shi ba mutum-mutumi ba ne. Latsawar ba ita ce gwajin ba. Ana duba motsin linzamin kwamfuta, da burauza, da kukis da ke cikinta. A 2018 aka fito da sabon tsari da ba shi da akwatin ma, yana ba baƙo maki daga 0 zuwa 1 bai sani ba. An sauƙaƙa wa mutum wahala, amma da bayanansa ya biya, kuma wanda ya ɓoye sawunsa shi aka fi zargi. Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ci tarar kamfanin Cityscoot a 2023, kuma cikin laifuffukan har da amfani da reCAPTCHA ba tare da neman izinin masu rajista ba.

Akwai hanyoyin da ba sa leƙen asirin kowa. Ana ɓoye wani gurbi a fom ɗin rajista wanda mutum ba ya gani. Manhaja kan cike shi, ta tona kanta. Ana lura da fom ɗin da aka cike cikin daƙiƙa ɗaya, ana ƙayyade yawan rajista daga adireshi guda, ana tura saƙon tabbatarwa ta imel, ko a sa burauza ta warware ɗan lissafi mai cin lokaci. A 2022 Apple ya shigo da Private Access Tokens, inda waya ke shaidar mai ita ba tare da shafin ya san ko wane ne ba. Ga ƙaramin shafi, haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan kan tare mafi yawan rajistar bogi ba tare da miƙa bayanan baƙi ga wani kamfani ba.