Yadda Kaset Ya Sauya Rambo

A cikin littafin da aka ciro labarinsa, Rambo mutuwa yake yi. David Morrell ne ya rubuta littafin, mai suna First Blood, ya fito a 1972, kuma a ƙarshensa Trautman, jami'in sojan da aka kira don ya shawo kansa, shi ne ya harbe shi. Da aka zo mayar da labarin fim bayan shekara goma, har an ɗauki wani ƙarshe da Rambo ke mutuwa a ciki, aka nuna wa ƴan kallon gwaji, suka ƙi shi. Sai aka bar shi da rai, ya miƙa wuya aka tafi da shi.

Wanda ya san Rambo ta hoton bangon kaset, ƙirji a waje, bindiga a hannu, zai yi mamakin fim ɗin farko na 1982. Tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne ya zo neman abokinsa, ya tarar cutar daji ta kashe shi. Ya shiga wani ƙaramin gari neman abinci, shugaban ƴan sandan garin ya kore shi don bai yi masa kama da mutumin kirki ba, daga nan rigima ta tashi. Mutum ɗaya tak aka nuna mutuwarsa, ɗan sandan da ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu bayan Rambo ya jefi jirgin da dutse. A ƙarshe ƙaton nan ya durƙushe yana kuka, yana ba da labarin abokansa da suka mutu da yadda ƙasarsa ta juya masa baya. Fim ne na tuhumar Amurka.

Tsakanin wannan fim da na biyunsa shekara uku ce, amma a cikinsu kasuwa ta sauya. Kamfanin Sony ya fito da na'urar Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Universal da Disney suka maka Sony a kotu, suna cewa na'urar kayan satar fasaha ce. A watan Janairun 1984 kotun ƙolin Amurka, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ba Sony gaskiya. Kamfanonin fim sun sha kaye, amma kayen ya zame musu gobarar Titi: shagunan hayar kaset suka bazu unguwa-unguwa, shahararren cikinsu, Blockbuster, ya buɗe a birnin Dallas a 1985.

Lissafin mai shagon haya shi ne bakin zaren. Yana sayen kaset sau ɗaya da tsada, sai an yi ta hayarsa kafin kuɗinsa su dawo. Don haka ba ya son kasada. Fuskar da aka sani yake so, da suna mai lamba a gabansa, domin duk wanda ya ɗauki na biyu zai dawo neman na ɗaya. Kafin kaset, fim in ya bar sinima ya tafi ke nan, sai ranar da talabijin ta ga dama. Ci gaban labari dai ba sabon abu ba ne, tun 1962 ake jera finafinan ɗan leƙen asirin nan James Bond. Abin da kaset ya ƙara shi ne jera su a kanta ɗaya, kowanne yana yi wa ɗan'uwansa talla.

A wannan kasuwa aka haifi na biyu a 1985, kuma sunansa kaɗai ya isa shaida: Rambo: First Blood Part II. An tura sunan jarumin gaba, sunan labarin ya koma baya. James Cameron ya fara rubutun, Sylvester Stallone ya sake shi. Mutumin da yaƙin Biyetnam ya lalata sai ga shi an mayar da shi Biyetnam ɗin don ya ci yaƙin shi kaɗai, gawa ba ta ƙirguwa. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 300 a duniya, har Shugaba Ronald Reagan ya yi raha a shekarar cewa bayan ya kalle shi ya san abin da zai yi in an sake yin garkuwa da Amurkawa. Kamfanin Carolco mai fim ɗin bai tsaya nan ba, ya sayi kamfanin rarraba kaset na IVE don ribar gida ma ta shigo aljihunsa. Kamfanin Cannon kuwa ya mayar da abin sana'a: Missing in Action na Chuck Norris sau uku, American Ninja har biyar.

Mu nan ta kaset muka fi sanin waɗannan finafinai, a gidajen kallo da falon masu hali, kwafi bisa kwafi har hoton ya dushe. Akwai ma matsalar iyaka, domin talabijin a Nijeriya tsarin PAL take bi, a Nijar kuma SECAM, shi ya sa kaset kan tsallako daga Kano ya iso Maraɗi ko Damagaram ya fito fari da baƙi in akwatin ba mai cin kowane tsari ba ne. Wasu da Turancin Ingilishi, wasu an juya su Faransanci, mafi yawan ƴan kallo kuma ba wanda suke ji sosai. A ganina nan ne na biyu ya danne na ɗaya. Duk nauyin na ɗaya yana cikin maganar da Rambo ya yi yana kuka, wanda bai ji harshen ba ƙato kawai ya gani yana hawaye. Na biyu ba ya bukatar tafinta. Ga akta, ga bos, kowa ya san akta ba ya mutuwa. Da yawa ma na biyun suka fara gani, da suka koma na ɗaya sai suka ce bai yi zafi ba.

Na uku ya ci kuɗi kusan dala miliyan 60, abin da ya sa shi cikin mafi tsadar finafinan zamaninsa. An kai Rambo Afganistan yana taya mujahidai yaƙar Tarayyar Sobiyet, sai dai siyasa ta riga shi: ya fito a ƙarshen watan Mayun 1988, kwana goma bayan sojojin Sobiyet sun fara ficewa daga ƙasar. A Amurka bai yi kasuwar da aka zata ba, kuɗin waje ne suka rufa masa asiri. Akwai hoton da ke yawo a intanet wai asali an sadaukar da fim ɗin ga mayaƙan mujahidai, sai bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka goge. Haɗi ne. Tun fitowarsa ga al'ummar Afganistan aka sadaukar da shi, tsoffin kaset suna nan su ba da shaida.

Daga nan Rambo ya yi shiru shekara ashirin. Carolco ya durƙushe a 1995, faifan DVD ya fara ture kaset daga 1997. Da ya dawo a 2008, ƙasar Bama aka kai shi, yana fafatawa da sojojin gwamnatin mulkin soja da ke murƙushe ƙabilar Karen. Hukumomin ƙasar suka hana sayar da shi, suka gargaɗi masu shagunan faifai a birnin Yangon. Ba a nuna shi a sinimar ƙasar ko sau ɗaya ba, amma kwafin sata ya ci gaba da zagayawa hannu da hannu, ƴan adawa suna kallonsa a ɓoye.