Sauye-sauyen Manhajar Kwamfutar Allo da Amfaninsu a Wuraren Aiki: Nazari a Kan Jihar Gadarif ta Sudan

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sauye-sauyen da aka yi wa manhajojin kwamfutar allo daga 2010 zuwa 2025, sannan ta auna su da irin aikin da ake yi a Jihar Gadarif ta gabashin Sudan: noman damina da tarakta, cinikin riɗi da dawa, hidimar 'yan gudun hijira, da sa ido kan annoba. An dogara da bayanan da masu gina manhajojin suka fitar a fili, tare da tarihin sadarwa a Sudan. Nazarin ya nuna cewa sauye-sauyen da kamfanoni suka fi tallatawa ba su ne suka fi taɓa ma'aikacin Gadarif ba. Abubuwan da ke yanke hukunci a can su ne iya aiki babu intanet, wurin da manhaja ke ajiye bayanai, tsawon shekarun da kamfani ke kula da na'ura, da kuma wanda ke da ikon cewa yau za a sabunta ko sai bayan girbi.

1. Gabatarwa

Kamfanin Apple ya fitar da iPad a 2010, Google kuma ya biyo baya a 2011 da Android 3.0 da aka tsara musamman don manyan fuskoki. Tun daga lokacin ake muhawara ko wannan na'ura kayan aiki ce ko ta kallon fim. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan muhawarar ya ɗauki wurin aiki a matsayin ofis mai lantarki dare da rana da intanet marar yankewa. Wannan maƙala ta zaɓi wurin da waɗannan sharuɗɗa biyu ba su cika ba, kuma wurin da Bahaushe ke da ruwa da tsaki a cikinsa. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903 zuriyar mahajjata da masu hijira daga ƙasar Hausa suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu da kogin Rahad da Atbara, har yau kuma suna cikin manoma da 'yan ƙwadago da 'yan kasuwar Gadarif.

2. Gadarif da yanayin aikinta

Birnin Gadarif yana da nisan kusan kilomita 410 kudu maso gabas da Khartum, kusa da iyakar Habasha ta Gallabat. A yankin Gadambaliya ne aka fara noman damina da injuna a tsakiyar shekarun 1940, daga baya aka kafa hukumar noman injuna ta ƙasa a 1968. Ana auna gona da fadan, wanda ya ɗan haura kashi 40 cikin 100 na hekta, kuma gonar babban manomi kan kai fadan 1,000 ko fiye. Ƙasar baƙar laka ce mai riƙe ruwa. Daga Yuni zuwa Oktoba hanyoyin ƙauyuka kan koma caɓi, mota ta kafe, ma'aikacin da ya shiga daji ya kwana biyu ko uku bai ga sandar sabis ba.

Jihar ba baƙuwar kwamfuta ba ce. A 2005 aka kafa ƙungiyar GDCO da haɗin gwiwar birnin Eindhoven na Holan, ta kawo ɗaruruwan kwamfutoci, ta buɗe cibiyoyin koyarwa, har da na kurame. Wajajen 2014 Gadarif na cikin jihohin da ƙungiyar War Child ta Holan, tare da Jami'ar Ahfad ta mata da ma'aikatar ilimi, ta gwada koyar da lissafi ga yaran da ba sa zuwa makaranta ta hanyar wasa a kwamfutar allo da ake cajinta da sola. Shirin ne daga baya ya zama Can't Wait to Learn. Abin lura a nan shi ne an loda darussan gaba ɗaya a cikin na'urar, don masu tsarin sun san ba za a samu intanet a ƙauyukan ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa jihar nauyi. A Nuwamban 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba saboda masu gudun yaƙin Tigray, a Janairun 2021 aka buɗe na Tunaidba. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, da faɗuwar Wad Madani a Disamban shekarar, sun kwararo da jama'a masu ɗimbin yawa Gadarif. A Satumban 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar, a kan cutar kala-azar da ta daɗe tana addabar ƙauyukan Atbara da Rahad. Duk waɗannan ayyuka ne na ƙidaya da rajista da rahoto, irin waɗanda ake ba ma'aikaci kwamfutar allo ya yi a tsaye.

3. Sauye-sauyen da ake talla

Tarihinsu a bayyane yake. A 2015 iOS 9 ta ba da damar raba fuska biyu, Android 7 ta yi haka a 2016. A 2017 iOS 11 ta kawo manhajar sarrafa fayiloli, a 2018 Samsung ya sa tsarin DeX a Galaxy Tab S4, a 2019 aka ware iPadOS ta karɓi filas, a 2020 ta karɓi linzami. A 2022 aka samu Android 12L da Stage Manager, a 2025 iPadOS 26 ta kawo tagogi irin na kwamfutar tebur. Alƙiblar ɗaya ce: a mayar da allo ya yi kama da laftof.

Akawun kamfanin fitar da riɗi ko malami a Jami'ar Gadarif zai amfana da wannan, musamman raba fuska da karanta filas, domin filas ce ke maye gurbin intanet idan sabis ya ɗauke. Amma yawancin sauran suna buƙatar na'ura mai tsada da ƙwaƙwalwa mai yawa, alhali waɗanda ƙungiyoyi ke saya da yawa su raba wa ma'aikata Android ne masu araha. Ga wanda ke cike fom a ƙofar tanti, tagogi huɗu ba su ƙara masa komai.

4. Sauye-sauyen da ba a talla

Na farko shi ne iya aiki babu intanet. Manhajar ODK ta samo asali a Jami'ar Washington a 2008, a kanta kuma aka gina KoboCollect da ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita sosai. Tsarinsu mai sauƙi ne: a sauke fom a gari, a cike shi a daji, na'ura ta adana, idan an dawo inda sabis yake a tura. A 2018 Jami'ar Oslo ta fitar da manhajar Android ta DHIS2 mai irin wannan ɗabi'a, Sudan kuwa na cikin ƙasashen da ke tara bayanan lafiya a wannan tsari. Darajar haka ta fito fili sau uku: yanke intanet na Yunin 2019 wanda ya haura wata guda, na bayan juyin mulkin Oktoban 2021, da na farkon Fabrairun 2024 lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke. A wannan na ƙarshe manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta tsaya cik, saboda ba ta motsi sai da intanet, ciniki ya daskare tare da ita. Manhajojin tara bayanai kuwa suna iya ci gaba da karɓar fom muddin akwai caji. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disamban 2024, wanda ya tilasta wa mutane zuba kuɗinsu a banki, ya ƙara ɗaure kasuwa da manhajar da ba ta jure yankewar sabis.

Na biyu shi ne wurin ajiyar bayanai, kuma a ganin wannan nazari shi ne mafi haɗari domin ba a ganinsa da ido. Kafin Android 10 ta 2019, manhaja na iya ajiye fayilolinta a jakar da kowa ke iya buɗewa. Fom ɗin ODK da aka cike yana zaune a can, ko an goge manhajar yana nan, ana iya jona waya a kwafe shi zuwa laftof. Android 11 ta 2020 ta tsaurara doka, Google Play kuma ya wajabta bin ta a 2021. Bayanan suka koma keɓantacciyar jakar manhajar. Ta fuskar sirri wannan ci gaba ne na gaske, musamman idan bayanan sunaye ne da asalin 'yan gudun hijira. Sai dai akwai farashi: duk wanda ya goge manhajar ya goge abin da ke cikinta. A ɗauki misalin ma'aikaciyar lafiya da ta yi mako tana bin gidaje a ƙauyukan Gallabat, fom 200 na jiran turawa, sai manhajar ta fara daskarewa. Ta kai wa mai gyaran waya a kasuwa. Shi kuwa maganin da ya sani, kuma yake yi masa aiki a kan WhatsApp, shi ne ya goge ya sake saukewa. Cikin minti biyu manhajar ta dawo tana aiki sumul, aikin mako kuwa ya tafi, babu hanyar dawo da shi. Mai gyaran bai yi ganganci ba, dokar da ya sani ce aka canza ba tare da an gaya masa ba.

Na uku shi ne ƙarewar kulawa. Allo zai iya zama lafiya ƙalau, batir na riƙe caji, amma manhajarsa ta tsufa. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a na'urorin da ba su kai Android 5 ba, kuma kowa ya san a Sudan da ƙasar Hausa ta nan ake aika farashi da hoton kaya da saƙon murya. A 2024 tsohuwar shaidar tsaro da Let's Encrypt ke jingina da ita ta ƙare, na'urorin da ke ƙasa da Android 7.1.1 suka rasa amincewa da ɗimbin shafuka da sabobi. Ma'aikaci zai ga saƙon kuskure kawai, ya ɗauka sabis ne. Na'urar ta zama kamar taraktar da injinta ke da rai amma an daina ƙera mata kayan gyara. Gaskiya ne Google ya yi alƙawarin shekara 7 na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi haka ga Galaxy S24 a 2024, amma alƙawarin ya fara ne daga na'urori masu tsada, masu araha kuwa kan samu shekaru kaɗan. Ga Sudan akwai ƙarin tarihi: takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya daɗe yana toshe hanyar sauke manhajoji ta halal, sai a Fabrairun 2015 aka sassauta wa kayan sadarwa, a Oktoban 2017 aka ɗage mafi yawansa. A tsawon waɗannan shekaru mutane suka saba da tura manhaja daga waya zuwa waya. Manhajar da aka samu ta wannan hanya ba ta da tabbacin sabuntawa, ba a kuma san hannun da ta bi ba.

Na huɗu ƙarami ne amma yana cin dukiya. Tun iOS 7 ta 2013 da Android 5.1 ta 2015, na'urar da aka wanke ba ta buɗuwa sai da asusun wanda ya fara shiga. An yi haka don karya kasuwar ɓarayi, kuma ya yi amfani. Amma a inda ma'aikatan wucin gadi ke shiga da asusunsu na kansu, kwantiragi ya ƙare, yaƙi ya watsa su, ana iya tara alluna masu lafiya a kwali babu mai iya buɗe su. Tsarin Android Enterprise yana warware wannan ta hanyar yi wa na'ura rajista da sunan ma'aikata tun ranar farko, sai dai sai an yi shi kafin a raba.

5. Wa ke da ikon lokaci?

Kamfanoni sun saba fitar da manyan sabuntawa ne tsakanin Agusta da Oktoba, daidai da kasuwar ƙarshen shekara a Amurka da Turai. A Gadarif wannan shi ne lokacin da ba a son wasa da kayan aiki. Riɗi idan ya nuna ba ya jira, kwanaki kaɗan aka makara sai kwanson ya tsage ya zube a ƙasa, don haka a Oktoba da Nuwamba ake ɗibar 'yan ƙwadago, ana lissafin ladansu, ana jigilar buhuna zuwa kasuwar amfanin gona ta birnin, inda ake gwanjon riɗi da ma'aunin ƙindari, dawa da ma'aunin ardab. A lokacin ne ma ake warware basussukan salam na Bankin Noma da na shail da ƙananan manoma ke ci a hannun 'yan kasuwa. Ƙarshen damina kuma shi ne lokacin zazzaɓi da gudawa. Sabuntawar da za ta cinye gigabait biyu ko uku na data, ta sauya wurin maɓallai, ko ta saɓa da manhajar fom, tana iya tsayar da aiki a ranar da ba ta da madadi. Ƙin sabuntawa gaba ɗaya ma ba mafita ba ne, domin ta nan ake toshe ƙofofin da masu kutse ke bi, kuma na'urar da ke ɗauke da sunayen majinyata ko na masu neman mafaka amana ce.

Fasahar da za ta daidaita wannan tana nan. Android Enterprise na ba mai kula da na'urori damar dakatar da sabuntawa har tsawon kwana 90 a lokacin da ya zaɓa, Apple ma na ba da jinkirin kwana 90 ga na'urorin da ke ƙarƙashin kulawa. Kwana 90 kuwa ya isa ya rufe yankan riɗi da farkon kakar dawa.

Saboda haka wannan nazari yana ba ma'aikatun jiha da ƙungiyoyin manoma da na agaji shawarar su tambayi shekarar da kulawar na'ura za ta ƙare kafin su tambayi farashinta, su rubuta wannan shekara a takardar saye. A yi wa kowace na'ura rajista da sunan ma'aikata. A sanya babbar sabuntawa a rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, a gwada a kan na'ura biyu ko uku kafin sauran, a sauke ta a ofis mai intanet. A koya wa ma'aikata, da Larabci da Hausa da duk harshen da suke ji, cewa ba a goge manhajar fom sai an ga akwatin turawa babu komai. Masu gyaran waya na kasuwar Gadarif su ma a gayyato su horon, domin wurinsu ake fara kai na'ura idan ta sami matsala.